Kisan JonBenet Ramsey: Hukuncin Da 'Yan Jarida Suka Yanke Kafin Kotu Ta Zauna

Ranar 26 ga Disamba, 1996, aka tsinci gawar JonBenet Ramsey, yarinya 'yar shekara 6, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan iyayenta da ke garin Boulder, jihar Kolorado ta Amurka. Da asubar ranar ce mahaifiyarta, Patsy, ta kira 'yan sanda ta shaida musu cewa ta ga wata wasiƙa da ke neman kuɗin fansa dala 118,000. Sa'o'i bayan haka mahaifinta, John, ya gano gawar, ya sungumo ta ya hawo da ita sama, alhali abokan arziki sun riga sun yi ta shige da fice a gidan. Ke nan tun ranar farko aka lalata shaidun da masu bincike za su dogara da su, kuma har yau babu wanda kotu ta kama da wannan laifi.

Giɓin da bincike ya bari, kafofin watsa labarai ne suka cike shi. Marigayiyar takan shiga gasar kyau ta ƙananan yara, saboda haka gidajen talabijin suka samu hotunanta da jan baki da kwalliya irin ta manyan mata, suka yi ta maimaita su dare da rana. Mai kallo bai ga wata shaida ba, hoto kawai ya gani, amma hoton ya isa ya sa shi tambayar kansa: wace irin uwa ce za ta yi wa 'yarta haka? Daga nan zuwa ɗora wa uwar alhakin kisan, taki ɗaya ne.

A matsayina na ɗalibin harshe, abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kalmomin da aka yi amfani da su. A ƙarshen 1997 wani babban jami'in 'yan sandan garin ya ce iyayen suna ƙarƙashin laimar zargi. Mai karatu ya duba wannan furuci da kyau: bai tuhumi kowa ba, bai wanke kowa ba, ba kuma za a iya ƙaryata shi ba. Dangin "an ce" ɗinmu ne na Hausa, wanda yake isar da magana ya ɓoye mai ita. Jaridu suka riƙe furucin tsawon shekaru, kuma abin da kunne ya ji sau ɗari, zuciya takan ɗauke shi tamkar abin da ido ya gani.

Ba ina cewa zargin ba shi da tushe ko kaɗan ba ne. A 1999 kwamitin masu taimaka wa kotu ya amince a tuhumi iyayen da jefa yarinyar cikin haɗarin da ya kai ga mutuwarta, amma mai gabatar da ƙara, Alex Hunter, ya ƙi sa hannu bisa dalilin ƙarancin shaida. Jama'a ba su san da haka ba sai a 2013. A 2008 kuma magajiyarsa, Mary Lacy, ta wanke iyalin bisa gwajin ƙwayoyin halitta da ya nuna alamar wani namiji da ba a san ko wane ne ba, har ta ba su haƙuri a rubuce. Patsy ba ta ga wasiƙar ba, domin cutar daji ta yi ajalinta a 2006.

A wannan shekara ta 2006 aka kama John Mark Karr a birnin Bankok na Tailan bayan ya ce shi ne ya yi kisan. 'Yan jarida suka yi masa rakiya a jirgi, har abincin da ya ci suka ba da labari, sai gwaji ya nuna ba shi ba ne.

Mafi muni, a ganina, shi ne shirin da gidan talabijin na CBS ya watsa a 2016, wanda ya karkata yatsa ga yayan marigayiyar, yaron da shekarunsa 9 lokacin da abin ya faru, wanda kuma hukuma ba ta taɓa tuhumarsa ba. Ya kai ƙara yana neman diyyar dala miliyan 750, aka sasanta a 2019 ba tare da an bayyana sharuɗɗan sulhun ba.