Yawan Giris Yana Kashe Boris

Mai injin niƙa, in ka ji boris ya yi zafi, me kake yi? Yawancin mutane sai su ƙara masa giris. Sau da yawa kuwa, giris ɗin ne ya jawo zafin.

Boris zobba ne guda biyu na ƙarfe, ɗaya cikin ɗaya. A tsakaninsu akwai 'ya'yan ƙarfe masu gangarawa. Wasu kamar ƙwallo suke, wasu kamar guntayen kara. Masu kama da kara sun fi ɗaukar nauyi, amma sun fi saurin zafi in gudu ya yi yawa. Gudun kuwa ba kaɗan ba ne. Ƙaramin injin ban ruwa mai shan fetur yakan juya har sau 3,600 a minti ɗaya.

Shi giris mai ne da aka haɗa da wani irin sabulu don ya yi kauri. Man da ke ciki shi ne mai aiki, kuma kaɗan ake bukata. In aka cika gidan boris maƙil, sai 'ya'yan su yi ta tuƙa giris kamar tuwo. Tuƙin yana kawo zafi. Zafi ya sa man ya tsiyaye, a bar busasshen ƙanzo. Daga nan ƙarfe ya fara cin ƙarfe, injin ya tsaya, ga masu niƙa sun yi layi da kwanoni.

To, yaya za a yi? Kashe injin tukuna. Cire boris, ka wanke da kananzir, ka bari ya bushe. Wanke hannunka. Tura sabon giris tsakanin 'ya'yan da yatsa. Gidan da boris ke zama kuwa, sa masa kashi ɗaya cikin uku kawai. Bar sauran wurin haka nan.

Da farko zai ɗan yi ɗumi, sannan ya sauka. In zafin bai sauka ba, kashe injin ka kira makanike.

Kada ka haɗa giris iri biyu, domin wani ba ya jituwa da wani. Rufe gwangwanin giris kullum. Ƙurar hunturu da yashi in sun shiga, su ne za su goge ƙarfen.

Akwai boris mai marfin roba a gefe biyu. Wannan ya zo da girisinsa tun daga kamfani. Kada ka ɓalle marfin. In ya fara ƙara, sai dai a sake shi.