Zaɓen Asibitin Dabbobi a Ƙasar Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi

Gabatarwa

Ƙasar arewacin Zamfara ƙasar kiwo ce tun fil azal. Kasuwar Shinkafi da ke ci ran Alhamis ta daɗe da yin suna wajen cinikin bisashe, kuma tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙaura Namoda a 1929 garin ya zama mashigar fatu da dabbobi zuwa kudu. Amma ban da garken makiyayi, akwai wasu dabbobin da ke zaune da mutane cikin gida, watau dokin hawan salla, da ragon turka, da karen farauta ko na gadi, da kyanwa, wadda mutanen wannan yanki suke ce wa mussa, da tantabaru. Irin waɗannan ɗai-ɗai ake ajiye su, mai su ya san halin kowace, yara kuma suna wasa da su. Wannan maƙala za ta yi bayanin abubuwan da ya kamata mai irin wannan dabba ya duba kafin ya miƙa ta ga mai magani.

Wuraren da ake neman magani

Wurare huɗu ne mutum yakan nufa in dabbarsa ta kasa. Na farko masu maganin gargajiya, waɗanda suka gaji jiƙo da lalas da ɗori. Na biyu masu tallar magani a kasuwa, da suke baza kwalabe a kan tabarma ko tebur. Na uku asibitin dabbobi na gwamnati, na huɗu kuwa likitocin da suka buɗe wuraren kansu. Bayan waɗannan akwai manyan asibitocin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda ake tura abin da ya gagara.

Aikin likitan dabbobi a Arewa ya ginu ne a kan garke. Cutar bushiya, wadda ta yi wa shanu kisan ƙare-dangi a wajajen 1890 ta kuma sake ɓarkewa a 1983, ita ce ta fi ɗauke hankalin hukuma, har aka tabbatar da kawar da ita daga duniya a 2011. Saboda haka wurin da ya ƙware a allurar shanu ɗari ba lalle ne ya saba da kyanwa guda ba. Wajibi ne mai dabba ya tambaya ko wurin yana duba irin tasa.

Alama ta farko: wane ne mai maganin?

Ba duk mai riƙe da sirinji ne likita ba. Likitan dabbobi shi ne wanda ya yi shekara shida a jami'a, sa'an nan ya yi rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya, wadda ita ce doka ta ɗora wa alhakin tantance su. A ƙarƙashinsa akwai malaman dabbobi masu takardar difiloma, waɗanda suke yin allura da wanke ciwo da ba da maganin tsutsa. Aikinsu yana da amfani ƙwarai, musamman a ƙauyuka, amma nagari cikinsu shi ne wanda ya san iyakarsa, ya kuma san likitan da zai tura mutum gare shi. Ba rashin kunya ba ne a nemi ganin takardar shaida.

Alama ta biyu: bincike kafin allura

Dabba ba ta da bakin faɗin inda ke mata ciwo, don haka idon likita da tambayoyinsa su ne bakinta. Likitan kirki zai tambayi ranar da ta daina cin abinci, da irin kashinta, da ko wata dabbar a gidan ta kamu. Zai auna zafin jikinta, ya buɗe bakinta, ya duba fatar idonta, in ta kama ya ɗibi jini ko kashi don a duba. Dalili kuwa shi ne cututtuka da yawa kamarsu ɗaya a ido. Alal misali rama da kasala suna iya zama sammore, ko ciwon hanta, ko tsutsar ciki kawai, alhali kowanne maganinsa daban.

Haka kuma gwargwadon nauyin dabba ake auna magani, kuma abin da ya dace da wata yana iya halaka wata. Ƙwayar farasitamol da mutane suke sha don ciwon kai guba ce ga kyanwa. Wanda ya zaro allura tun bai taɓa jikin dabbar ba, ciniki ya fito yi.

Alama ta uku: sanyin allurar rigakafi

Wannan ita ce alamar da aka fi mantawa da ita. Yawancin allurar rigakafin dabbobi da ake yi a ƙasar nan daga Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom take fitowa, wadda aka kafa a 1924 kusa da Jos, wasu kuma daga ƙasashen waje. Allurar haukan kare da ire-irenta suna bukatar a ajiye su cikin sanyi, tsakanin digiri 2 zuwa 8. In ta sha zafin bazara ƙarfinta yakan tafi, alhali kwalbar ba ta sake kama ba. A ƙasar da wutar lantarki ba ta da tabbas, dole mutum ya ga firjin da idonsa, ya san me ke riƙe da shi in an ɗauke wuta, ya kuma karanta ranar ƙarewar aikin maganin.

Abin da ya sa wannan ya zama babba shi ne haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma da yawansu yara ne. Da zarar alamunta sun bayyana ga mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Karen da aka yi wa lalatacciyar allura ya fi wanda ba a yi wa ba haɗari, domin mutanen gida sun saki jiki da shi. Ana fara yi wa ɗan kwikwiyo yana wata uku, a riƙa maimaitawa, kuma asibitin kirki yakan ba da kati mai ɗauke da kwanan wata. Wanda kare ya ciza kuwa, sai a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a garzaya da shi asibitin mutane nan take.

Alama ta huɗu: tsabta da gaskiya

A duba ko ana sake allura ga kowace dabba, da ko ana raba mai ciwo da mai lafiya. A lura kuma ko likita yana faɗin kuɗin aiki tun da farko, yana kuma bayyana kwanakin da za a dakata kafin a yanka rago ko a sha nonon akuyar da aka yi wa magani, domin saurar maganin tana zama cikin nama da nono. Wanda ya iya cewa "wannan ta fi ƙarfina" ya fi wanda ke da allurar kowace cuta. Araha dai ba ta ado.

Kammalawa

Satar shanu da ta'addancin 'yan bindiga da suka addabi Zamfara tun wajajen 2011 sun sa tafiya tsakanin Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda ta zama abin lissafi, balle a ce za a kai doki mai ciwon ciki Gusau da dare. Don haka kusanci da samun likita ta waya sun shiga cikin sharuɗɗan zaɓe. Abin da ya fi shi ne mutum ya san likitansa tun dabbar tana da lafiya, ya kai ta rigakafi, ya karɓi lambarsa, ya ga yadda yake aiki. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.