Tsohuwar Kwamfuta Tsakanin Sikelin Ɗan Gwangwan Da Gwanjon Intanet

Kowa ya san Kaduna ya san Kakuri, ƙetaren kogi wajen kudu, ita ce unguwar masana'antu. Can aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles cikin 1957, aka kafa ma'aikatar haɗa motar Peugeot cikin 1975. Masaƙar ta tsaya da aiki cikin 2002, waɗansu kuma suka bi sawunta. In ofis ya rufe, ko maigida ya tashi daga Barnawa ko Makera, tarkacen da aka bari yakan ƙare hannun 'yan gwangwan, su farfasa, su ware jar waya daban, ƙarfe daban, su ɗora bisa sikeli. To, ya kamata 'yan kasuwa su sani, cikin irin wannan tarkace akwai abin da sikeli ba ya iya faɗin tamaninsa, watau tsohuwar kwamfutar gida ta shekarun 1980.

Ga kamanninta: allon bugun rubutu ne mai kauri, ba gilashi gare shi ba, da talabijin ake haɗa shi, darasinsa kuwa daga kaset na rediyo yake ɗauka. Daga Ingila akwai ZX Spectrum ta 1982 mai maɓallan roba, da BBC Micro ta 1981, da Amstrad CPC 464 ta 1984 wadda ta zo da mazubin kaset a jikinta. Daga Amurka akwai Commodore 64 ta 1982, wadda aka sayar da ita miliyoyi. Malamai kuwa za su fi son labarin Sakhr, ta kamfanin Al-Alamiyya na Kuwait, domin maɓallanta da baƙaƙen Larabci suke, har kamfanin ya fitar da manhajar Alƙur'ani tun cikin zamanin nan. Wayar da ke aljihun almajiri yau ta fi su duka ƙarfi nesa ba kusa ba, amma a Turai da Amurka akwai masu tara su, suna gyarawa, suna ajiyewa tamkar yadda ake adana littafin kakanni.

Cikin 2015 wata mata ta kai kwalayen tarkacen marigayin mijinta wani kamfanin tattara tsofaffin kayan lantarki a Kalifoniya, ta tafi ba ta bar suna ba. Ashe akwai Apple-1 a ciki, ta 1976, wadda kamar ɗari biyu kaɗai aka ƙera. Kamfanin ya sayar da ita dala 200,000, ya shiga cigiyar matar don ya ba ta rabi. Shekara guda kafin wannan an yi gwanjon wata irinta a New York dala 905,000. Amma kada rai ya ɗauki zafi. Ƙarancin abu ke kawo wannan kuɗi. Commodore 64 da aka yi da yawa ba ta ko kama ƙafar wannan.

Mafi yawan cinikin a gwanjon intanet ake yi, musamman eBay wadda aka kafa cikin 1995, can kuwa ana ganin abin al'ajabi. Cikin 2014 aka tono kaset ɗin wasannin Atari da aka binne tun 1983 a juji a Alamogordo ta Amurka, aka sa su gwanjo da ƙurarsu, mutane suka yi ta tayawa. Wannan baƙon ciniki ne, amma na gaskiya. Wanda ya kamata a ji tsoro shi ne mai kama da na kirki. In mai kaya ya rubuta wai bai gwada ba, alhali sana'arsa ke nan, galibi ya gwada ne ta ƙi tashi. In hoto ya cika kyau, ba a nuna ƙasan na'urar da lambarta ba, watakila aro aka yi daga tallan wani. Akwai kuma allunan Apple-1 na kwaikwayo da ake ƙerawa yanzu. Har wa yau kuɗin da mai kaya ya yanka ba shi ne farashi ba, sai a duba nawa aka sallama irinta a baya.

Malamai ba baƙi ba ne a nan. Malikiyya sun halatta sayar da abin da ba ya nan in an sifanta shi, sun kuma san najashi, watau mutum ya yi ta ƙara tayi ba da nufin saye ba, don ya ruɗi wani. Najashin intanet ya fi sauƙi, gama mutum ɗaya na iya buɗe suna biyu, yana sayarwa da ɗaya yana tayawa da ɗayan. Alamarsa, sabon mai tayi wanda ba ya taya kayan kowa sai na mutum guda.

Wanda ya tsinci irin wannan na'ura a Kakuri ko Sabon Tasha, kada ya yi gaggawar jona ta da wuta. Ta Amurka wutar 110 take sha, tamu kuwa 230 ce, nan take za ta ƙone. Tsohon akwatin wutar Commodore 64 ya yi suna wajen kashe na'urar in ya lalace. Waɗansu kuma akwai batir a ciki wanda ya tsiyaye ya ci allon. Sai a share ƙura da busasshen tsumma, a ɗauki hoton gaba da baya da lamba, a haɗa ta da kwalinta da littafinta da kaset in suna nan, gama masu saye suna ƙara kuɗi saboda su.