Kifin Zobe: Daga Taru Zuwa Kasko

Masu zuwa hutu Ikko sukan ba mu labarin rumfunan abinci na bakin teku, inda ake soya wa baƙo kifin da aka kamo a ranar. Mu mutanen Batsari da Safana ba mu da teku, amma muna da madatsar ruwa ta Zobe kusa da Dutsin-Ma, wadda aka gama a 1983 a kan kogin Karaduwa. A can masunta suna fid da tarwaɗa da karfasa, a soya, a barbaɗa yaji.

Kifin ƙanƙara daga ƙasashen waje ake kawo yawancinsa, kuɗinsa kuma can yake komawa. Kuɗin da muka ba masuncin Zobe kuwa gida yake zama. Da shi zai sayi geronmu da man gyaɗar matanmu.

Amma akwai abin tsoro. Taru mai ƙananan idanu yana kwashe 'ya'yan kifi tun ba su isa yin ƙwai ba. A wurare da dama kuma an sha zuba guba irin su Gamalin 20 cikin ruwa, kifi ya mutu, mai cinsa ya kwanta ciwo.

Saboda haka, 'yan ƙungiya, in mun je saye mu duba da kyau: ido garau, tsoka da ƙarfi, babu wari. Ƙananan kuma mu ƙi su. Ranar da masu saye suka ƙi ƙananan kifi, masunci zai sake taru, baɗi kuma kowa ya samu manya.