Ƙyalle da Allura a Gidajen Mafara, Bakura da Maradun

A gidajen ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun ba a zubar da ƙyalle. Duk abin da almakashi ya rage, ko da bai kai tafin hannu ba, akan ƙulle shi cikin tsohon ɗankwali, a tura ƙarƙashin gado ko cikin akwati, har ranar da za a neme shi. Daga wannan ƙunshi ne ake samun mayafin ƙyallaye, wanda ake harhaɗawa da guntayen atamfa da shadda da yadi, haka kuma shimfiɗar jariri da rigar matashi da labulen ƙofar ɗaki da jakar makarantar yara. Aikin matan gida ne, ana yin sa a tsakar gida bayan an sauke tukunyar rana, kuma yarinya takan koye shi tun tana zura wa kakarta zare a kafar allura, don idon tsohuwa ya daina gani.

Tushen abin auduga ne. Zamfara ƙasar auduga ce tun fil azal, kuma kafin yadin kanti ya yawaita kusan kowace tsohuwa tana da magurji da mazari. Ta gurje, ta shiɓe, ta kaɗa zare siriri ko abawa, ta kai wa masaƙi. Shi kuwa abin da yake sauke mata sawaye ne, dogaye marasa faɗi, sai an jera su gefe da gefe an ɗinke kafin su zama zane ko gwado. Saboda haka hannun mutanen nan ya saba da haɗa ƙanana su zama babba tun kafin zuwan keken ɗinki. Ɗinkin cushe ma ba baƙo ba ne. Lifidin da ake yafa wa dawakin yaƙi, wanda yanzu sai a hawan Sallah ake ganinsa, yadi ne ninki biyu da aka cusa wa auduga aka bi da allura layi-layi don kada cushen ya zame. Dabarar da ta tare kibiya a jikin doki ita ce ke tare sanyi a ɗakin mai jego.

Da masaƙun zamani suka kafu a Kaduna da Kano da Gusau, atamfa ta wadata, kaɗi ya ja baya, ƙunshin ƙyalle kuwa ya ƙara kumbura. Turmin atamfa yadi 6 ne, falle uku. In an fitar da zane da riga da ɗankwali, ba a rasa ragowa a wuya da hammata da bakin hannu. Keken Singer da Butterfly ya shiga ɗakunan mata, ya zama cikin kayan da uba mai hali ke saya wa 'yarsa in za ta tare. Da shi mace ke neman na kanta ba ta taka ƙofar gida ba. Yara ne manzanninta: su karɓo ɗinki, su mayar, su sayo zare da allura da man keke, musamman ranar Talata da kasuwar Mafara ke ci, kasuwar da garin ya samo sunansa daga gare ta.

Mai haɗa mayafi takan fara da wanki. Sabon ƙyalle da tsoho ba sa zama tare sai an jiƙa sabon ya saki sitaci, in yana zuba ya zubar, in zai tsuke ya tsuke. Sai a goge da dutsen guga na gawayi, a yanka. Wasu kan yanka murabba'i daidai wa daida, suna auna da kwalin ashana ko na sukari. Wasu kan yi dogaye kamar sawaye. Tsofaffi da yawa kuwa ba ruwansu da awo, yadda ƙyalle ya zo haka za su nema masa abokin zama. A nan gwaninta take. Ba a ajiye duhu kusa da duhu, ba a bari ja ya taru a kusurwa guda, kuma shadda mai tauri ba ta haɗuwa da yadi mai laushi, domin wanki biyu zai yaga mai laushin a bakin ɗinki. Mace za ta baje guntayen a kan tabarma, ta ja da baya ta duba, ta ɗaga wannan ta mayar can, wani lokaci har la'asar ba ta soka allura ba.

In fuskar ta haɗu, sai a shimfiɗa tsohon zane ɗaya ko biyu a ƙarƙashinta, a sa wani mai ƙwari a baya, a kama su da dogon ɗinki, sannan a bi a hankali daga tsakiya zuwa baki don kada ya tattare. A ƙarshe a kalmashe gefe. An fi son tsohon zane a ciki bisa ga auduga, saboda auduga takan dunƙule in ta sha ruwa. Ita da audugar rimi an bar su ga matashi da katifa. Zanen da ya tsufa a jikin uwa ya fi kowane yadi taushi, shi ya sa shimfiɗar jariri ba a yin ta da sabo.

Abin da ya fi daɗi a mayafin nan shi ne ana karanta shi. Mai shi za ta aza yatsa a kan gunta guda ta ce wannan ankon bikin wance ne, wancan daga lefenta ya fito, wannan ɗan shuɗin kuwa ragowar rigar da Malam ya sa ranar sunan ɗan fari ce. Yaran gida kan kwanta a kai suna neman kayan Sallarsu na bara da na bara waccan. Akwai matan da in uwa ta rasu aka raba tufafinta, sukan ajiye falle guda ba su ɗaura ba, sai sun yi jika su sa shi a cikin shimfiɗarsa. Ba a cika faɗin dalili ba, kuma ba a tambaya.

Ana saɓani a kan abu biyu. Na farko ragowar da ke hannun tela. Wasu na ganin duk abin da ya faɗi ƙasan keke na mai keke ne, al'ada ta riga ta yafe. Malamai da dama kuwa suna jan kunne cewa yadi amana ne, abin da zai yi amfani sai an mayar ko an nemi izini. Shi ya sa mace mai tsantseni kan naɗe ragowar cikin ɗinkin, ta ce da yaron da aka aiko: «Ka ce wa Inna ga sauran nan, in ba ta so ta bar mini.» Galibi akan bar mata. Na biyu shi ne ko mayafin ƙyallaye ya cancanci shiga jeren amarya. 'Yan matan yanzu suna ganin alamar rashi ce, gwaggonni kuma suna cewa alamar hannu ce. Yadda aka fi sasantawa shi ne zanen gadon kanti ya hau sama don 'yan ganin ɗaki, na ƙyallaye ya kwanta a ƙasan akwati. Ba a kai ga hunturu na biyu sai an fiddo shi. Gwaggonnin sun fi gaskiya: bargon roba na kasuwa yakan yi ƙyalli shekara guda, na gida kuwa yakan ga yaye uku.

Lokacin wannan aiki kaka ce zuwa hunturu. An kai amfanin gona gida, kuɗi ya ɗan shigo, bukukuwa sun taso, ga sanyin da ke bi ta fadamun gulbi yana shiga har ƙashi a watannin Disamba da Janairu. Wani lokacin kuma azumi ne, sai dai shi na ɗinkin Sallah ne, ba na ƙyalle ba. Daga goman tsakiya keke ba ya hutawa har sahur, ragowar da aka tara a watan kuwa ita ce jarin hunturu mai zuwa.

A waɗannan lokuta biyu ne kuma murhu ke aiki fiye da kullum. Gara ba ta cika sai da alkaki da nakiya da dubulan, Sallah kuma sai da cincin. Madatsar ruwan Bakolori, wadda aka kammala a 1978, ta sa noman rani na shinkafa da alkama ya bunƙasa a ƙananan hukumomin nan uku, don haka kayan haɗin ba daga nesa suke zuwa ba. Alkaki yana son haƙuri: a ɓarza alkama, a murje da mai, a kwaɓa da tsami a bar shi ya kwana, a murɗa, a soya, sannan a tsoma a zuma ko sukarin da aka dafa. Nakiya ta garin shinkafa ce da man shanu da kayan yaji, ana kirɓa ta a turmi, kuma tana daɗewa ba ta lalace ba. Irin wannan aiki ba na mutum ɗaya ba ne. Maƙwabta kan taru, kowa da farantinta, masu murɗi daban, mai kula da mai daban.

Gashi kuwa ba ya jiran tanda ta zamani. Akan zuba yashi a ƙasan babbar tukunya, a ɗora a wuta ya yi zafi, a jera gwangwanayen madara da aka shafe da mai aka zuba ƙullun kek, a rufe, a zuba garwashi a kan murfi. Haka ake gasa gireba ma. Gwana tana gane ya nuna da ƙamshi, in tana shakka ta soka tsinken tsintsiya. Amma abin gashin da ya fi zama na ƙasar nan shi ne hoce, na garin dawa, wanda ake marmashewa a yi datu da ƙuli-ƙuli da mai da albasa. Shi ba ya jiran biki. Guzurin matafiyi ne da abincin manomi, kuma Bazamfaren da ke zaune a Kano ko Legas in aka tashi yi masa saƙo daga gida, shi yake fara tambaya.

Abubuwa sun sauya ƙwarai. Masaƙar Gusau ta daɗe da tsayawa, atamfar da ta cika kasuwa yanzu daga Sin take zuwa, mai arha ce amma da yawanta roba ce, tana santsi a ƙarƙashin allura, ba ta riƙe ɗumi. Gwanjo ya kawo barguna masu sauƙin kuɗi. Mazari ya zama abin da sai an bincika a ga mai shi. Rashin tsaro ya yi nasa: ƙauyuka da dama sun watse, an taɓa rufe kasuwannin mako na jihar a 2021, kuma matan da suka gudo cikin gari da yawa sun baro akwatunansu da ƙunshin shekaru a ciki. Wadda ta samu dama takan kwance kan keke daga ƙafarsa ta ɗauko a ka. A Mafara irin waɗannan mata kan bi shagunan teloli da yamma suna sayen ƙyalle buhu-buhu, su ɗinka rigunan yara da shimfiɗu da matasai, 'ya'yansu su kai kasuwa ranar Talata.