Bututun Fitsari: Ƙaramar Hanyar Da Muke Jin Kunyar Ambata

A jikin ɗan Adam akwai gaɓoɓin da ake ambata a bainar jama'a ba tare da an sunkuyar da kai ba, kamar ido da haƙori da zuciya. Akwai kuma waɗanda Bahaushe ya lulluɓe da mayafin kunya, daga cikinsu har da bututun da fitsari ke bi daga mafitsara zuwa waje, wanda likitoci ke kira yuretira. Mu a Darki, kamar sauran garuruwan ƙasar Wudil, mun tattara duk wata larurar da ta shafi wannan hanya mun raɗa mata suna guda: sanyi. Mai jin zafin fitsari sanyi ke damunsa, mai fitsarin jini sanyi, dattijon da fitsari ya ƙi fita shi ma sanyi. A ganina wannan suna guda da muka ba cututtuka daban-daban yana cikin abin da ke kai mutanenmu asibiti a makare, domin rashin sani ya fi dare duhu.

Bari mu fara da yadda aka tsara hanyar. Ƙoda biyu ne ke tace jini dare da rana, suna fitar da fitsarin da ya kai lita 1 zuwa 2 a kullum. Daga kowace ƙoda wani siririn bututu mai tsawon santimita 25 zuwa 30 ya gangara zuwa mafitsara, wata jaka ta tsoka da ke cikin mara, mai iya riƙe kusan rabin lita. Daga ƙasan mafitsara kuma bututu guda ɗaya tak ya fita waje, shi ne abin da muke magana a kai. Zoben tsoka biyu ke tsaron sa. Na farko yana wuyan mafitsara, yana aikinsa ba da umarninmu ba. Na biyu yana ƙasa da shi, shi ne wanda muke matsewa da kanmu, kuma shi yaro ke koyon sarrafawa kafin ya daina jiƙa shimfiɗa.

A jikin namiji tsawon bututun ya kai kimanin santimita 20. Da fitowarsa daga mafitsara sai ya ratsa tsakiyar wani ƙullutu mai girman ƙaramin goro da ake kira furostet, ya wuce ta ƙarƙashin ƙashin mara, ya lanƙwasa ya ɗan buɗe, sannan ya bi tsawon mazakuta. Ta nan maniyyi ma ke bi, kuma a lokacin fitarsa wuyan mafitsara na rufewa don kada su gauraya. Wannan lanƙwasa ita ce dalilin da ɗigon fitsari ke maƙalewa bayan mutum ya gama, abin da malaman fiƙihu suka lura da shi tun da daɗewa suka yi umarni da istibra'i. A jikin mace kuwa tsawonsa kimanin santimita 4 ne kacal, fitsari kaɗai ke bi ta cikinsa, kuma ƙofarsa daban take da hanyar haihuwa. Gajartarsa da kusancinsa da dubura su ke sa ƙwayoyin cuta saurin hawa zuwa mafitsara. Shi ya sa zafin fitsari ya fi yawa ga mata, kuma shi ya sa ake so a riƙa yin tsarki daga gaba zuwa baya, a kuma gwada fitsarin mai juna biyu a wurin awo.

Wanda ya san wannan tsari zai iya gane abin da jikinsa ke faɗa masa. Mu ɗauki fitsarin jini. Idan yaro ya gama fitsari sai jini ya biyo baya a ɗigon ƙarshe, galibi tsargiya ce. Wata tsutsa ke kawo ta, wadda wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano a Alƙahira a 1851. Mai cutar kan yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin ƙananan katantanwa, daga nan 'ya'yan tsutsar su fito su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Kududdufan damina da fadamun noman rani da gaɓar kogin Wudil, inda yaranmu ke wanka da kamun kifi, irin wuraren da take so ke nan, kuma Najeriya ce ƙasar da ta fi kowace yawan masu wannan cuta a duniya. Har yau akwai masu ɗaukar wannan jini a matsayin alamar balagar ɗa namiji. Alhali ƙwan tsutsar ne ke yaga bangon mafitsara, kuma in an bar shi shekaru yakan bar tabon da ke toshe hanyar da ta taso daga ƙoda, wani lokaci ya kai ga ciwon dajin mafitsara. 'Yan mata ma na kamuwa. Maganinta ƙwaya ce mai suna Praziquantel, wadda ake rabawa kyauta a makarantu. Uban da ya hana ɗansa karɓa ya cuce shi.

Sai kuma raunin fitsari. Magidancin da ya taɓa kamuwa da ciwon sanyi na jima'i, ya sayi kafso biyu ko uku a kemis ya sha har zafin ya lafa, yana iya zaton ya warke. Amma gyambon da ke cikin bututun kan warke da tabo, tabon kuma ya riƙa tsuke hanyar sannu a hankali. Bayan shekaru sai fitsari ya koma siriri, ko ya rabu biyu, ko sai an yi nishi. Haɗarin mota ko na babur da ya karya ƙashin ƙugu shi ma yakan yanke bututun ko ya bar masa irin wannan tabo. Ga wanda ya haura shekara 50 kuwa, sau da yawa furostet ne ke girma ya shaƙe hanyar da ta ratsa cikinsa, sai dattijo ya riƙa tashi sau uku ko huɗu cikin dare. Fitsarin da ya kasa fita baya yake komawa ya danne ƙoda har ta lalace. Idan ya tsaya cak, mara ta kumbura, to a garzaya asibiti a sa robar fitsari a wannan daren, kada a tsaya jiƙa saiwa.

Mata kuma nasu babban haɗarin na wajen haihuwa ne. Idan naƙuda ta yi tsawo, kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara da bututun a jikin ƙashi, jini ya daina isa wurin, sai naman ya mutu ya bar ɓula. Wannan shi ne yoyon fitsari, kuma yankan gishiri ma na haddasa shi. Ana ɗinke shi a cibiyar Laure da ke Asibitin Murtala a Kano da kuma Babbar Ruga a Katsina, sai dai aikin ya fi wuya idan bututun da zobensa sun lalace. Haka nan jaririn da aka haifa ƙofar fitsarinsa na ƙasan mazakuta maimakon a kan tsini, kada a kai shi ga wanzami kafin likita ya gan shi, domin fatar da kaciya za ta cire ana amfani da ita wajen gyara.

Kirana na farko ga iyaye ne: ku tambayi yaranku launin fitsarinsu, musamman bayan damina, domin yaro ba zai kawo maganar da kansa ba. Na biyu ga malamanmu na zaure da na Islamiyya: idan an zo babin tsarki, a ƙara wa ɗalibai cewa jini ko mugunya ko zafi ko raunin fitsari abin kai wa likita ne. Na uku ga ɗalibanmu na jami'ar Wudil da sauran makarantu, waɗanda suka karanta wannan a aji: ku mayar da shi Hausa ku faɗa a majalisa. Daga Darki zuwa Babban Asibitin Wudil ba nisa, kuma gwajin fitsari na cikin mafi sauƙin gwaje-gwaje. Kunya ado ce a tsakanin mutane, amma a gaban likita a faɗi abin da ake ciki, don barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.