Ƙwallon Ƙyalle da Cutar Mantuwa

A shekarar 2005 wasu 'yan mata a birnin Washington na ƙasar Amurka suka kasu gida biyu, masu gashi ruwan zinariya da masu gashi mai duhu, suka kara a wasan ƙwallo domin tara wa Ƙungiyar Alzheimer kuɗi. Wasan ya bazu zuwa wasu birane, daga baya aka raɗa masa suna RivALZ. Kowace 'yar wasa takan nemi gudummawa wurin dangi da abokai, abin da aka tara kuma a kashe shi wajen bincike da tallafa wa masu jinya.

A ƙwallon Amurka na asali, sai an kayar da mai riƙe da ƙwallo kafin a tsayar da shi. A wannan kuwa, ƙyalle ake ratayawa a ƙugu, da zarar an fizge shi an tsayar da mutum ke nan. Zaɓin ya dace, domin yawan buguwa a ka yana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin cutar mantuwa.

To, me ya sa mata? Kusan kashi biyu cikin uku na masu cutar Alzheimer a Amurka mata ne, haka kuma masu jinyarsu. Ɗaya daga cikin dalilai shi ne mata sun fi maza tsawon rai, tsufa kuwa shi ne babban abin da ke share wa cutar hanya.

Amma kada mai karatu ya ɗauka duk tsoho sai ya yi abin da muke kira gigin tsufa. Wannan cuta ce ta ƙwaƙwalwa, wadda likita Alois Alzheimer na Jamus ya bayyana a 1906. Wani furotin mai suna amiloyid yakan taru dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, wani kuma mai suna tau ya cukurkuɗe a cikinsu, har su mutu. Ɓarnar takan fara ne daga sashen da ke ajiye sababbin abubuwa. Shi ya sa tsohuwa za ta ba ka labarin ranar aurenta dalla-dalla, amma ta manta ta ci abinci ɗazu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ne ke fama da mantuwa iri-iri, kashi 60 zuwa 70 cikin 100 kuma Alzheimer ce. A 2023 Amurka ta amince da maganin lecanemab, wanda ke rage amiloyid. Yana rage saurin cutar ne kaɗan ga wanda ta fara kamawa, ba ya warkar da ita.